Farin Yadin da Gara Ta Ci

Daga Tawa, zuwa ga ɗiyata Uwale a Takanamat.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Yusufu. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta? Allah ya sa kun sauka lafiya, ya sa ruwan garin ya karɓe ki, ya tsare ku daga sharrin abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Allah ya ba Yusufu haƙuri da yaran lekol ɗin da aka tura shi koyarwa, ke kuma ya haɗa ki da maƙwabta na kirki.

Ki yi haƙuri da rubutun nan, zai yi miki kama da sawun kaji. Da safe kawai nake iya riƙe alƙalami, kafin hannun ya tashi da rawarsa, shi ya sa wasiƙar ta ci min safiya da yawa. Ba zan cika ki da labarin gida ba, kowa lafiya. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni.

Direban da ya miƙa miki takardar nan zai sauke miki keken ɗinkina. Na san kin ce a bar min shi. Na ji, ban yarda ba. Yanzu ko zare ba na iya sa wa allura, kuma likitan ido ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa hawan ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma lallaɓa shi ake yi da ɗigon magani. A aljihun keken za ki tarar da 'yar ƙafar nan ta faci mai zobe a baki, wadda ke danne yadi a gindin allura, na naɗe ta a tsumma. Cikin buhun da aka ɗaure a jikin teburin kuma akwai farin yadin. Kin san wanda nake nufi.

Zan maimaita miki labarinsa ko da kin sani, domin ranar da na nuna miki shi ba ki tsaya kin ji ƙarshen maganata ba. Shekarar da kawunki ya biya wa Innarki kujerar Makka, ba ta dawo da haƙorin zinariya kamar ƙawayenta ba. Farin yadi ta saya, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya shi a can, ta ɗauko shi a ƙasan jakarta. Da ta huta gajiya sai ta miƙo min almakashina ta ce, "Malam, raba muna shi biyu, guda nawa guda naka. Kuma ina kallo, kar ka cuce ni ko da taƙi guda." Na raba muna dariya, kamar ba likkafaninmu muke yankawa ba. Ita ta riga ni amfani da nata, kina tsaye aka naɗe ta a ciki. Nawa ya ci gaba da zama a akwatinta na ƙarfe, wanda take ɗorawa kan duwatsu nesa da bango.

Da aka tashi haɗa kayan aurenki na ba ki akwatin, don ban ga wanda ya fi ki cancanta da shi ba. Yadin kuwa na sa shi a kwali na jingina da bangon ƙasa, na ce gobe zan nema masa wuri. Damina ta shigo ta wuce ban nema ba. Ni da na shekara ina yi wa mutane faɗa kan inda suke ajiye tufafinsu, ni ne na yi wa gara shimfiɗa. Hanya ɗaya ta huda, amma da yake yadin a ninke yake, da na warware shi sai ga ramuka a jere, babbansu ya kai tafin hannun jariri. Ba laifinki ba ne, ba laifin akwati ba ne, kar ki kuskura ki ɗora wa kanki. Abin da za ki ɗauka a nan shi ne, duk kayan mutane da ya kwana a hannunki ki ɗaga shi daga ƙasa tun ranar da aka kawo.

Na je wurin limamin unguwa na tambaya. Ya ce babu laifi a naɗe mutum da yadin da aka gyara, muddin mai tsarki ne kuma yana suturtawa. Ya ƙara da cewa yadin kasuwa ma ya wadatar, Allah ba yadi yake dubawa ba. Na san haka, Uwale. Amma ina so a naɗe ni da rabin abin da aka naɗe Innarki da shi. Buri ne na tsoho, ban ce farilla ba ne.

Ranar jajibirin tafiyarku, bayan la'asar, na shimfiɗa miki shi a tabarma na ce ki gyara min. Kika dube shi, kika dube ni, kika ce, "Baba, don Allah kar ka sa ni wanga aiki. In na ƙare shi, mi ya rage kuma?" Kika tashi kika shige ɗaki, har kuka kama hanya ba mu sake maganar ba. Ban ji haushi ba, tausayi kika ba ni. Sai dai ba ni da wani. Telolin da muka taso tare wasu sun mutu, wasu sun koma tasbihi. Yaran yanzu kuwa manyan injuna masu lantarki suka sani, in ka kai musu rami sai su yanke wurin su manna maho kamar tayar keke. Ke kaɗai kika zauna gefena kika ga yadda ake saƙa rami ya koma yadi.

Kin iya zana fure da ganye da allura fiye da ni, wannan na daɗe da sallama miki. Amma facin yadi mai laushi ba ki yi shi da yawa ba, don duk wanda aka kawo ni nake karɓewa, ina tsoron ki ɓata. Wannan ma rashin dabara ne, da na bar ki kin ɓata tun ina da idon gyarawa. Tunda hakan ya wuce, bari in gaya miki wuraren da na yi tuntuɓe a wannan aiki, ki kauce musu.

Maigidana da ya koya min ɗinki a kasuwar Tawa, Malam Idi, Allah ya jiƙansa, in zai yi faci cire ƙafar keke yake yi gaba ɗaya. Allura tsirara, yatsunsa biyu a gefenta suna danne yadi. Haka muka gani, haka muka ɗauka shi ne gwaninta. Wata rana wani ɗan kasuwa ya zo daga Ƙonni da kayan keke, na ga 'yar ƙafar nan a tirensa na saya. Da na ɗaura ta sai 'yan layinmu suka taru suna min dariya, wai na sayo takalmin 'yan koyo. Kunya ta sa na kwance ta na jefa a aljihun keke, ta yi shekaru a can. Rannan ina facin wandon wani manomi daga Bambeye, wani ya yi sallama a bakin shago, na ɗaga kai in amsa ƙafata tana kan feda. Allura ta shiga ta farcen yatsana ta fita ta ƙasa, ta karye a ciki. Shi ne tsagaggen farcen da kike wasa da shi kina ƙarama, kina tambayata wa ya cije ni. Tun daga ranar na ɗaura ƙafar, masu dariya suka yi suka gaji.

Ki ɗaura ta, kar ki ce hannunki ya ƙware. Ki kwance ƙafar ɗinki ta yau da kullum, ki sa wannan a gurbinta, ɗan hannun da ya fito a samanta ya hau kan ƙusar da ke riƙe allura. Shi ke sa ta tsalle tare da allura: in allura ta sauka ta danne yadin kada ya biyo zare sama, in allura ta tashi ta sake shi ki ja duk inda kike so. Zoben bakinta kuma yana tsakanin yatsanki da allura. Wandon manomi ya sha jini an wanke ya tafi gona, farin yadin nan kuwa in jini ya taɓa shi sai an wanke shi da sabulu, ni kuma ba na so a wanke ruwan da Innarki ta tsoma shi a ciki. In an yi miki sallama kina aiki, ki tsayar da feda tukuna sannan ki amsa.

Haƙoran da ke jan yadi a ƙarƙashin allura dole ki hana su aiki, don a nan hannunki ne zai ja. Kekenmu tsoho ne, haƙoransa ba sa sauka, farantin da ake rufe su da shi kuma ya ɓata tun kina goye. Na sa miki guntun baƙar ledar nan mai kauri ta hoton ƙashi na asibiti, na riga na huda ta daidai ramin allura. Ki manne ta a kansu, ki mayar da ma'aunin tsawon ɗinki ƙasa gaba ɗaya. Sai ki miƙe yadin a zoben katako, babban zobe a ƙasa, ƙarami ki danna shi ciki, yadda yadin zai kwanta a kan farantin keke. Ki miƙe shi da kyau amma kar ki ja da ƙarfi, ya tsufa, kuma gefen inda gara ta ci ya fi yadda ido ke gani rauni.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai duk lokacin da na tuna. Wata ranar kasuwa wani dattijo Ba'abzine ya shigo shagona, dogo, sai idanunsa kawai ake gani. Ya kawo raƙumi sayarwa daga arewa, ƙaya ta yage masa rawanin turkuɗi a hanya, daidai inda yake rufe baki. Kin san mutanen nan, za ki ƙara saninsu a inda kike yanzu, babban mutum a cikinsu ba ya buɗe fuska a bainar jama'a, kuma ba shi da wani rawanin tare da shi. Ya rage murya ya ce, "Tela, in kana da labule ka ba ni wuri." Na kai shi bayan labulen da mata ke gwada kaya, ya kwance rawanin ya miƙo min ta gefe. Na ce masa kafin ya sha ruwa na gama.

Don zoben katako ya shiga ƙarƙashin allura sai an ɗaga ɗan hannun nan na bayan keke mai ɗaga ƙafa. Na ɗaga, na tura zoben, na manta ban sauke ba. Da ƙafar ɗinki ce ido zai gani nan take, amma ƙafar faci ko an sauke ta ba ta kwanciya kan yadi, saboda haka babu abin da ya nuna min. Shi kuwa hannun nan ba ƙafa kaɗai yake saukewa ba, shi ke matse zaren sama. Na taka feda da sauri ina so in burge baƙo. Daga sama ɗinki kyakkyawa, sai da keken ya cije ya tsaya na juya zoben, na tarar zare ya taru a ƙasa ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Turkuɗi kuwa ba ya ɗaukar fizga. Sai da na zauna da bakin reza ina tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya.

Azahar ta yi, dattijon bai iya fita masallaci ba, na miƙa masa buta da buzu ya yi salla a bayan labule. Can ya ce, "Tela, kasuwa na watsewa, raƙumina na hannun mutane." Na ce yanzun nan. Na ba shi wani yadi ya rufa ya je ya dawo, ya ƙi, ya ce ba zai ratsa kasuwar Tawa da zanen mata a ka ba. Da na gama, masu sayen raƙuma sun tafi. Ya naɗa rawaninsa a tsanake, ya fito, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yau ka ɗaure ni ba igiya." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ja raƙuminsa ya koma da shi, ban sake ganinsa ba.

Don haka duk lokacin da kika tura zobe ƙarƙashin allura, hannunki ya zagaya baya ya taɓa hannun nan, ko da kin tabbata kin sauke. Ki jawo zaren ƙasa ya fito sama, ki riƙe su biyun da yatsa kafin ki fara. In kin yi ɗinki kaɗan ki tsaya ki leƙa ƙasan yadin. Kuma kar ki yi wa mai kaya alkawarin sauri kan aikin da ba ki duba ba, musamman wanda ba shi da na canji.

Wahalar ranar ba ta ƙare a nan ba. Da dattijon ya fita, a gajiye na jawo aikin da ke biye, farar rigar wani da za a yi sunan ɗansa washegari. Ban goge keke ba. Shunin turkuɗi ya riga ya zauna a farantin, da ƙafar, da yatsuna, har da zoben katako. Rigar ta fito da zagayen shuɗi a ƙirji, mai ita ya raɗa wa ɗansa suna da rigar aro. A Takanamat turkuɗi da baƙaƙen mayafai za su yi ta zuwa hannunki da zarar an ji akwai mai keke a gidan malamin lekol. Kafin ki taɓa farin yadin ki goge keken lungu-lungu, ki canza allura, ki wanke hannu, ki naɗe zoben katakon da sabon farin tsumma. In kin ɗiga wa keken mai, ki yi ta ɗinki kan ƙyalle har man ya daina fitowa.

Akwai kuma ɓarnar da son kirki ke jawowa. Kina jaririya majanyin da Innarki ke goya ki da shi ya huje a tsakiya. Na ce wannan na ɗiyata ne, zan yi masa facin da ba zai sake mutuwa ba. Na bi ramin na dawo, na sake bi na sake dawowa, har wurin ya yi tauri. Da yamma Innarki ta sauke ki kina ta tsala kuka, bayanki ya yi ja inda facin ya goge ki. Ta ɗaga majanyin ta ƙwanƙwasa wurin da yatsa, ta ce, "Malam, wanga faci ne ko marhin tukunya? In ƙarhe nike so ai da maƙera ni tahi." Ba a yi sati ba yadin ya yage a gefen facin ya zagaye shi, don wurin ya fi abin da ke riƙe da shi ƙarfi. Har ta rasu, in ta ga na daɗe kan rami ɗaya sai ta leƙo ta ce ko marfin tukunya ake yi.

Ga yadda za ki bi shi. Na sa miki zare fari siriri da ƙaramar allura, kar ki canza su da masu kauri. Ki fara zagaye ramin da ɗinki ɗaya a inda yadin ke da lafiya. Sannan ki shimfiɗa layuka a tsaye, suna bin zaren yadin, ki tafi ki dawo. In kin rufe sai ki bi ta kwance ki saƙa su. Kar layukan su tsaya a wuri ɗaya, wani ya ɗara wani, in ba haka ba gefen zai yi kunya kamar ta gona kuma nan zai yage. Wurin juyawa ki yi kwana a hankali, kada ki karya. Feda ta tafi daidai ba tsayawa, hannu kuma a sannu. In hannu ya riga ƙafa ɗinki zai yi tsawo ko allura ta karye, in ya tsaya wuri ɗaya zare zai ƙulle a ƙasa. Babban ramin ba zai saƙu haka kawai ba. Ki yanko 'yar ƙyalle daga bakin yadin, akwai rara, ki sa a ƙasa ki saƙa a kanta, ki rage gefenta da almakashi. Da kin ga haske ya daina wucewa ta wurin, ki tsaya, ko da zuciyarki tana ce miki ƙara ɗaya.

Na san hannunki, shi ya sa zan ƙara wannan. Tun kina budurwa in kika ga tabo a riga sai kin mai da shi fure, matan unguwa suna layi don haka. Nima na taɓa yi wa wata mata ganye a kan ƙunar mayafinta ba ta sa ni ba, ashe takaba take shirin shiga, mijinta yana kwance ba a sa ran tashinsa. Ta karɓa ta tafi, sai ƙanwarta ce ta dawo da shi washegari in warware. Ki riƙa tambayar mai kaya inda za shi da kayan kafin ki yi masa ado. A farin yadin nan ba fure, ba ganye, ba suna.

Za ki ga ɗaya daga cikin ƙananan ramukan an riga an taɓa shi. Ni ne. Bayan tafiyarku na ce bari in sauke miki wannan nauyi, na sa maƙwabciyarmu ta zura min zare, na zauna da hantsi inda haske ya fi. A ɗinkin yau da kullum haƙoran keke ne ke jan yadi, sai su rufa wa hannu asiri, shi ya sa na daɗe ina ɗinka wa mutane riguna ba su gane ba. A faci babu mai ja sai kai. Duk rawar da hannuna ya yi allura ta rubuta ta a yadin, layi ya hau layi, wani ya fita daga ramin gaba ɗaya. Na ɗaga shi kusa da fuska na ga abin da na yi, na kifa kaina a kan keken na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'izar Innarki. Ba kukan mutuwa ba ne, Uwale, kukan hannuna ne. Ki warware wurin a hankali da bakin allura kafin ki fara naki.

Ke ma in kuka ya zo miki kina aiki, ki ɗauke ƙafa daga feda ki tashi. Idon da ya cika da hawaye ba ya ganin zaren yadi. Ki je ki yi abin da za ki yi, ki dawo wata safiyar.

Kin tambaye ni in kin ƙare me ya rage. Na daɗe ina juya maganar. Kina ganin kamar muddin ramukan nan suna buɗe to ni ma ina nan, kamar allurarki ce za ta kira ranar. Ɗiyata, Innarki ta tafi nata yadin yana sabo fil, wasu kuma sun tafi a hanyar Libiya ko ƙyalle ba a samu an rufa musu ba. Ranar tana hannun Mai ita, ba ta jiran tela. In ta zo yadin yana hannunki ba a gama ba, 'yan'uwa za su aika kasuwa a yanko wani, a naɗe ni a kai ni, ni ban rasa komai ba. Ke ce za ki zauna da shi a akwati da ramukansa, kina buɗewa kina rufewa har tsufanki. Wannan nake ji miki tsoro, fiye da yadda nake jin tsoron kabari.

Ba na ce ki yi gaggawa ba. Ki fara da tsummoki har hannunki ya saba da ƙafar, ki gyara wa maƙwabta zannuwansu, sannan ki zo kansa, ƙananan ramuka kafin babban. Amma kar ki ja shi da gangan. Da kuka tafi ina gane fuskar mai shigowa daga bakin zaure, yanzu sai ya yi magana.

In kin gama kar ki ba direba. Ki roƙi Yusufu ya bar ki ki kawo shi da kanki, ki iso da rana tsaka. Za mu fita tsakar gida, ki kama baki ɗaya in kama ɗaya, mu ɗaga shi sama, in bi shi taƙi-taƙi ina neman inda kika gyara. In na gano wurin zan sa ki warware ki sake, kin san halina, ba a taɓa fitar da aikin banza daga hannuna ba kuma ba zan fara da nawa ba. In kuwa na bi shi har ƙarshe ban gano ba, ki bar ni in yaba miki. Kar ki tambaye ni ko aikin ne ya yi kyau ko idon ne ya ƙare.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki da idonki, ya sa ki ci halal da keken nan. Allah ya zaunar da ku lafiya ke da mijinki, ya kiyaye hanyar da za ta kawo ki. Allah ya jiƙan Innarki, ya haskaka makwancinta. Ki gaida Yusufu, ki gaida mutanen gidan da kuka sauka.

Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka kullum,
Malam Habibu Tela.